Filin Gari Na Kowa Ne: Ina 'Ya'yanmu Za Su Yi Wasa?

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga matan Rogo Ruma da Rogo Sabon Gari, da na Zarewa da Fulatan da Beli da Gwangwan, da 'yan'uwanmu na cikin garin Ƙaraye da kewaye.

Yau maganarmu a kan fili ce. Ba gonar maigida nake nufi ba, ba kuma fulotin da ya saya ba. Ina nufin filin da ba na mutum ɗaya ba: dandalin da 'yan mata ke gaɗa, filin ƙwallon samari, filin Idi, gindin durumin da dattawa ke zama, da wuraren shaƙatawa irin na birni masu itatuwa da kujeru da lilon yara.

Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ni da nake cikin kulle, me ya haɗa ni da filin gari? Ko an gine shi ko an bar shi, ai ba zuwa nake ba." To 'yar'uwa, dakata ki ji. Idan yaro ya rasa wurin wasa, ina yake komawa? Ko dai ya dawo tsakar gida ya hana ki sakat, ya ture miki tukunya, ko kuma ya fita bakin titi inda babura da motoci ke wucewa. In aka buge shi, wa ke jinya? In zafi ya tsananta a watan Afrilu, ɗaki ya zama kamar tanda, maza sun fita sun nemi inuwa, wa aka bari a ciki? In ruwan sama ya rasa hanyar wucewa ya shigo gida cikin dare, wa ke kwashe shi da ƙwarya da bokiti? Kin ga ashe ke da ba ki taka filin ba, ke kika fi kowa jin rashinsa.

Ni kaina na tashi a unguwar da ke da dandali. Akwai wata babbar ceɗiya a tsakiyarsa. Da farin wata nan muke gaɗa, maza na langa a gefe, iyayenmu na jiyo muryoyinmu daga cikin gida, hankalinsu kwance. Da na koma bayan shekaru, sai na tarar shaguna ne a jere, ceɗiyar ma an sare. Na tambayi matan unguwar yaushe aka yi haka, wa ya sayar, wa ya saya. Ba wadda ta sani. Sun dai wayi gari sun ji ƙarar tipa tana sauke yashi. Wannan rashin sanin shi ne abin da nake so mu yi maganinsa yau.

Da farko, mene ne amfanin fili da itatuwa a cikin gari? Abu uku zan faɗa.

Na ɗaya, sanyi. A ƙasar Kano, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi kan kai maki 40 a ma'aunin zafi. Kwano da siminti da kwalta suna shan zafin rana tun safe, su riƙe shi, sai dare ya yi su riƙa sakinsa a hankali. Shi ya sa a unguwar da gini ya cushe, har tsakar dare ba a samun sauƙi. Ita kuwa bishiya aiki biyu take yi: tana tare rana da inuwarta, sannan tana janyo ruwa daga ƙasa ta fitar da shi ta ganyenta, iskar wurin ta yi sanyi. Kamar dai randar ƙasa ce. Kin san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, domin randa tana tsattsafo, iska na ɗauke damshin tare da zafin. To bishiya randar unguwa ce. Kuma mun san lokacin zafi da ƙura, inda mutane ke kwana a cunkushe ba iska, shi ne lokacin sanƙarau. Manya a cikinmu ba su manta da annobar 1996 ba.

Na biyu, ruwa. Fili na ƙasa yana shanye ruwan sama, ruwan ya sauka ya cika mana rijiyoyi. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, su ne matattarar ruwan unguwa da damina. A cikin birnin Kano an cike da yawa daga cikinsu da shara, an yi gini a kai. To ruwa ba ya manta hanyarsa. In ya zo ya tarar an gine masaukinsa, sai ya shiga gidan da ya fi kusa, kuma galibi gidan ƙasa ne na talaka.

Na uku, tarbiyya da lafiyar jiki. Yaro na bukatar gudu da tsalle kamar yadda yake bukatar abinci. Wasan da ake yi a fili a idon jama'a, kowane babba mai tsawatarwa ne. Wanda ake yi a lungu ko kango, Allah kaɗai ya san abin da ake koya a can.

To ina maganar adalci ta shigo? Ta shigo ne domin waɗannan alherai ba a raba su daidai ba, kuma abin ya samo asali tun da daɗewa. Turawan mulkin mallaka sun shigo Kano a 1903. Da suka zauna, ba su shiga cikin birni ba, sai suka yi tasu unguwar a Nassarawa, da manyan filaye da tituna masu itatuwa. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka yi dokar tsara garuruwa. A tsarin wancan lokaci ana barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, ba a yarda a yi gini a cikinsa ba. Dalilin da suka bayar shi ne wai kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga gidajenmu ya kai musu. A garuruwa da dama, a irin waɗannan filaye aka yi wuraren sukuwa da sauran wasannin Turawa. Bature ya tafi a 1960, amma rabon da ya yi bai tafi ba. Duk wadda ta taɓa ratsa Nassarawa a mota, sannan ta shiga Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi, ta ga bambancin da idonta. Can inuwa da sarari, nan kuwa gida na jingine da gida, lungu ko amalanke da ƙyar yake wucewa. Kuma inda yaran suka fi yawa, nan ne filin ya fi ƙaranci.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ba ne. A Amurka, a 1982, aka zaɓi wata gunduma mai suna Warren a jihar Karolina ta Arewa, inda baƙar fata talakawa suka fi yawa, don a binne ƙasa mai guba. Mutanen wurin, maza da mata, suka kwanta a kan hanya don tare motocin, aka kama ɗaruruwa. Ba su hana binnewar ba, amma daga nan maganar adalcin muhalli ta bazu a duniya. Ma'anarta a taƙaice: kada a ba wasu inuwa da iska mai kyau, a bar wa wasu bola da kwata da hayaƙi, don kawai ba su da kuɗi ko ba su da mai tsaya musu.

Yanzu bari in ba ki ma'auni huɗu da za ki riƙa auna kowane fili da su.

Ma'auni na farko: ina aka sa shi? Hukumar Lafiya ta Duniya, a wata shawara da reshenta na Turai ya fitar a 2017, ta ce ya kamata mazaunin birni ya samu fili mai tsirrai na jama'a a tazarar da ba ta wuce mita 300 daga gidansa ba, wato tafiyar kamar minti biyar. Kin ga hikimar. Wurin shaƙatawar da sai an hau mota biyu kafin a isa, ba na kullum ba ne, na ranar Sallah ne. Ƙaramin fili a kowace unguwa ya fi wa yaro amfani a kan ƙaton lambu guda a can nesa. Misali, Gidan Zu na Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo, yana cikin manyan wurare masu itatuwa da suka rage a tsakiyar birnin, kuma nan 'ya'yan talakawa ke tururuwa da Sallah. A 2020 gwamnatin jiha ta sanar da niyyar mayar da shi Tiga, tana cewa gari ya cim masa, hayaniya na damun dabbobi. Jama'a da dama suka nuna rashin yarda, suna tambaya: yaron Gandun Albasa ko Sheka zai iya zuwa Tiga? Kuma me za a yi da filin? Har gwamnatin ta sauka a 2023 ba a tashe shi ba.

Ma'auni na biyu: wa ke iya shiga? Fili na iya kasancewa kusa amma a rufe yake gare ki. In kuɗin ƙofa ya yi yawa, mai 'ya'ya bakwai ba za ta iya ba. In babu banɗaki, babu ruwa, babu wurin sallah, babu inda mace za ta zauna cikin sutura ta shayar da jariri, to an kore ta ba tare da an ce ta fita ba. In 'yan shaye-shaye sun mamaye wurin, ba maigidan da zai bar iyalinsa su je, kuma yana da gaskiya. Ki duba ma filayen da suka rage a garuruwanmu: kusan duk na ƙwallo ne, wato na samari. Ina na 'yan mata? Ina na tsofaffi da naƙasassu? Ba laifi ba ne a nemi a keɓe wuri, ko rana, ko wasu sa'o'i, na mata da ƙananan yara zalla, da katanga da mata masu kula da ƙofa. Kulle bai hana mace shan iska a inda mutuncinta yake a tsare ba.

Ma'auni na uku: wa aka tambaya? Nan ne ake yawan barin mu a baya. Ana yanke shawarar fili a ofis ko a zaure ko a majalisar ƙofar gida, wuraren da mace ba ta zama. Ku dubi abin da ya faru da filin Idi na Ƙofar Mata a Kano. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka gina shaguna a gefen filin, 'yan kasuwa suka saya. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su, tana cewa filin na jama'a ne. Masu shagunan suka kai ƙara, a watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba na nan don in ce wane ne mai gaskiya a siyasance. Abin da nake so ki lura da shi: an yi gini, an yi rusau, dukiyar 'yan kasuwa ta salwanta, diyyar kuma daga baitulmalin jama'a za ta fito, kuɗin da za a iya sayen magani ko gyara aji da su. Da tun farko an zauna da jama'a kafin a aza bulo na farko, da duk wannan asara ba ta faru ba. Rigakafi ya fi magani.

Ma'auni na huɗu: wa ya ɗauki nauyin? Wani lokaci aikin alheri ne, amma a bayan wani aka ɗora shi. Shahararren lambun nan na tsakiyar birnin Niyok a Amurka, kafin a yi shi sai da aka tashi mutane kusan 1,600 a 1857, ciki har da wata unguwa mai suna Seneka wadda yawancin mazaunanta baƙar fata ne masu gidajen kansu. Mu ma nan gida mun san irin wannan. Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, tana taimaka wa birnin Kano da ruwa, ta kuma kawo kamun kifi da noman rani. Amma ruwan ya ci gonaki da matsugunai, sai da aka tashi mutane. Don haka duk lokacin da aka ce za a yi wani abu don amfanin jama'a, tambayar ita ce: wa zai ci moriya, wa zai yi asara, kuma an biya shi hakkinsa?

Wata za ta ce, "To ai mu Rogo ba birni ba ce, fili ga shi nan har ya yi yawa." Haka mutanen gefen Kano suka ce shekaru arba'in da suka wuce, yau ga shi 'ya'yansu na ƙwallo a kan titi. Gari ba ya cika rana ɗaya. Yau a yanka gonar bakin gari a yi awon igiya, ba a bar hanya mai faɗi ba, ba a bar filin makaranta ba. Gobe a ɗan ci gefen filin firamare a yi shago. Jibi a toshe burtali, shanu su rasa hanya, rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi. Mai sayar da fili ba ya son barin ko taku ɗaya, domin kowane taku kuɗi ne. Mu da garinmu bai gama cushewa ba, mu ke da damar da birni ya riga ya rasa. Tun ran gini, ran zane.

Kuma doka tana bayanmu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, don amfanin jama'a baki ɗaya. Ki riƙe kalmar nan, amana. Filayen da ba na birni ba kuma, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izinin mallakarsu bisa al'ada. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 20, ya ɗora wa hukuma nauyin kare muhalli, da ruwa da iska da ƙasa da daji. Ga kuma iyayen ƙasa: mai unguwa, dagaci, hakimi, har zuwa masarautar Ƙaraye, wadda a dokar 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Saboda haka mai tambayar yadda aka yi da filin unguwa ba shisshigi take ba, amanarta take bincika.

To me mace za ta iya yi daga cikin ɗakinta?

Na farko, ki sani. Ki tambayi yaranki ina suke wasa, filin na wane ne, akwai rami ko bola ko titi kusa? Yara sun fi kowa sanin lungun gari, kuma su ke fara ganin an kafa turaku ko an zuba yashi.

Na biyu, ki yi magana da maigida, a lokacin da ya dace, cikin lalama. Kada ki ce masa "ku maza kun sayar da gari." Ki ce, "Malam, na ji an fara awo a bayan makaranta, ko an bar wa yara wurin wasa? Don Allah in kun haɗu da mai unguwa a taya mu tambaya." Magana ɗaya in ta fito daga gida goma, ta zama maganar unguwa.

Na uku, ku haɗa kai. Muna haɗuwa a Islamiyya, a gidan suna da biki, a wajen adashi. A nan za a iya tsayar da magana, a samu mai rubutu ta rubuta takarda, kowa ta sa hannu ko ta dangwala, a ba malamar makaranta ko wata dattijuwa da ake jin maganarta ta kai wa mai unguwa ko kansila. Ku nemi abu takamaimai: a shata iyakar filin, a rubuta shi da sunan jama'a, a dasa itatuwa a kewaye. Filin da ba shi da takarda ba shi da shinge, shi ake fara ci. In lokacin zaɓe ya zo, masu neman ƙuri'a suka aiko da atamfa da sabulu, ku aika musu da tambayar fili.

Na huɗu, wadda Allah ya hore wa gona ko fili ta hanyar gado, ta tuna da wakafi. Sunan Rogo Ruma ma yakan tuna mini da rijiyar Ruma ta Madina, wadda Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya saya ya bar wa jama'a kowa ya sha. Ɗan yanki kaɗan da aka bari don yara su yi wasa, mutane su sha inuwa, sadaka ce mai gudana. Sai dai a yi shi da shaidu da takarda, don kada magada su zo su tayar.

Na biyar, ki fara daga tsakar gidanki. Darbejiya ko mangwaro ko gwaiba ko zogale, guda ɗaya ma ta isa farawa. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka ya ishe ta. A kewaye ta da ƙaya ko tsohon kwando saboda awaki, a kuma nisanta ta da jikin katanga saboda saiwa. In za a sare bishiya don itacen girki, a yi sassabe a bar uwar.

Kada ki raina kanki. A ƙasar Kenya, a 1989, gwamnati ta so gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru da ke tsakiyar birnin Nairobi, wurin da talakawa ke hutawa. Wata mata, Wangari Maathai, wadda tun 1977 take jagorantar matan karkara wajen dashen itatuwa, ta tsaya ta ce a'a. Da me ta fara? Da rubuta wasiƙu. An zage ta, an yi mata ba'a har a majalisa, amma masu ba da kuɗin suka janye, ba a yi ginin ba. A 2004 aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, mace ta farko daga Afirka da ta samu. Ba cewa nake ki fita titi ba, 'yar'uwa. Cewa nake wasiƙa da haƙuri da haɗin kai suna aiki, kuma duk ukun ana iya yinsu daga cikin gida.

Kafin mu rabu, ga ɗan aikin da zan bar muku. Yau da daddare, in yara sun dawo, kowa ta tambayi nata: "Ina kuka yi wasa yau?" Amsar da suka ba ki, ki ajiye ta, ki kai ta Islamiyya ko gidan adashi, ki ji ta sauran mata. Daga nan za ku san ko unguwarku na da fili, ko kuwa saura ƙiris a rasa shi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu damina mai albarka.